Bari-Mu-Gani da Kwamfutar Auta

A layin masu sayar da kayan waya da na kwamfuta, ƙarƙashin matakalar wani bene, akwai shagon da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a ciki ba. Mai shagon ya ba shekara sittin baya. Gajere ne mai kauri, tabaraunsa kullum a ƙarshen hanci, aljihun gaban rigarsa kuma sukundireba ta huda shi tun tuni. Duk layin Bari-Mu-Gani ake ce masa, don ko me aka kawo masa, ko me mai kaya ya rantse shi ne ya lalace, amsarsa ke nan kafin ya miƙa hannu.

Da rediyo ya fara. Da rediyo ta ja baya ya koma talabijin mai ƙeya, daga nan bidiyo mai kaset, daga nan kwamfuta. Duk sanda zamani ya juya, abokan sana'arsa sai su watse, wani ya kama tuƙi, wani ya buɗe kanti. Shi kuwa sai ya nemo matacciyar na'ura irin wadda ake yayi, ya baje ta a kan tebur, ya yi makonni yana ɓatawa yana gyarawa har ta saba da shi. Bai yi karatu mai nisa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Abin da yake taƙama da shi kunnensa ne. In an ajiye masa kaya yakan kunna, ya cire tabarau, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. A wurinsa ƙara ƙorafi ce: ko wani abu ya kwance, ko wani abu na gogar ɗan'uwansa. Na'urar da ta fita daga hannunsa shiru take fita.

Yana da doka guda, wadda ta kori masa mutane da yawa ta kuma dawo masa da su daga baya. Ba ya yarda a sayi sabon abu sai ya ga ciwon da idonsa, mai kayan na zaune yana aikin da ya saba yi. Yakan ce shi ba ya ba da magani a kan labari.

'Ya'yansa huɗu ne. Uku sun kama gabansu, ba wanda ya taɓa sha'awar sana'arsa a cikinsu. Auta ce kaɗai ta gado shi. Shekara tara da suka wuce, tana sakandare, su biyu suka haɗa kwamfutar wasa a kan teburin falo. Furosesan da suka sa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, a lokacin sai wane da wane ke da irinsa. Ita ta ɗora shi a mazauninsa da hannunta, uban na tsaye a kanta yana ta cewa a hankali. Daga baya sun sauya katin hoto, sun ƙara ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, amma furosesan yana nan inda ta ajiye shi.

Auta ta karanci kwamfuta a jami'a, ta fita da sakamako mai kyau, ta sami aiki a wani kamfani a wani gari. Wata goma sha huɗu ta yi. Wata safiya ta je ofis ta tarar da sarƙa a ƙofa, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin titi, kowa na kallon wayarsa. Saƙon layi biyu ne: an rufe kamfani, ana godiya. Kofin shayinta da rigar sanyinta suna can ciki har yau. Ta dawo gida da akwati ɗaya, kuma uban ya lura ba yarinyar da ta tafi ce ta dawo ba. Waya in ta yi ƙara sai ta zabura. Abin da ta sani sarai, in an tambaye ta, sai ta ce wataƙila. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Bayan wata biyar wani ƙaramin kamfanin da ke ƙirƙirar wasannin kwamfuta ya ba ta gwaji na kwana uku, daga Litinin. Za a turo mata wasan da ba a gama ba, ta buga a gida, ta rubuta duk inda ya sami matsala, ta tura musu. Mutum shida ake gwadawa, biyu za a ɗauka. Sai dai tun da ta dawo kwamfutar take ɗingishi. Minti goma da fara wasa mai nauyi, hoton sai ya riƙa sarƙewa yana tsalle. Da irin wannan na'ura ba yadda za ta bambance laifin wasan da laifin kwamfutarta, kuma rahoton ƙarya ɗaya ya isa a cire sunanta.

Ranar Asabar da rana ta zo shago da takarda a hannu. Uban yana duƙe a kan wata firinta.

"Baba, na gama bincike. Furosesan ne. Ya tsufa."

"Wa ya gaya miki?"

"Lambobi. Da na fara wasa yake cika ɗari bisa ɗari. Na kakkaɓe ƙura, na goge tsohon man sanyaya na shafa sabo, na sake ɗora komai daga farko. Duk wanda na karanta mai irin nawa ya daɗe da sauyawa."

"To, bari mu gani."

"Baba, don Allah ban da yau."

Maƙwabcinsa na tsallaken layi yana jin su. Shi mai sayar da kayan kwamfuta ne, dogo mai yawan dariya, ana ce masa Sabon-Fitowa saboda ko kebul ya ɗauko sai ya ce sabon fitowa ne. Ya tsallako yana kaɗa makullai.

"Baba, ka bar yarinya ta shigo zamani mana. Furosesan nan ai sa'an tabaraunka ne. Su biyun duk ritaya suke jira."

"Tabarauna na ganin abin da naka idon ba ya gani. Me kake da shi?"

Sabon-Fitowa ya yi bayani, ko da yake duk su ukun sun sani. Sabon furosesa ba ya zama a tsohon bod, wato faifan da duk kayan ciki ke zaune a kai. Sai an sauya bod, kuma sabon bod ba ya karɓar tsohon ram. Saiti ɗaya ya rage masa, akwai mai zuwa ɗauka ƙarfe huɗu, amma in Auta na so ita ce gaba. Gobe Lahadi kuwa layin gaba ɗaya a rufe yake.

"Sabon furosesa, sabon bod, sabon ram," in ji Bari-Mu-Gani. "Wannan ai ba gyara ba ne, tashi ne daga gida. Kuma kwana ɗaya da rabi ba ya isa a san halin baƙo. Kin san sabon haɗi yadda yake, yau ya tashi lafiya, gobe ya ƙi gane sikirin."

"Tsohon kuma na san halinsa, Baba. Zai kunyata ni."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ajiye sukundireba.

"In shi ne, da hannuna zan ɗaura miki sabon, ko da zan kai Lahadi a tsaye. Amma sai na gan ki kina wasan. Kai kuma riƙe mana kayan zuwa huɗu."

Ya jawo ƙyauren shago. Sabon-Fitowa ya riƙe haɓa. "Asabar da rana ka rufe shago? Lallai Auta ta fi firinta."

Ɗakin Auta ƙarami ne, taga ɗaya, teburi a jikin bango, kwamfutar a ƙasa a kan wani katako. Uban ya jawo 'yar kujera ya zauna dab da ita. Matarsa, wadda ke guga a baranda, ta leƙo ta ce in an gama taron likitocin a sanar da ita. Auta ta sa abin ji a kunne yadda ta saba, ta buɗe wasan tseren mota a cikin gari ana ruwan sama, wanda ya fi duk nata nauyi. Ya cire tabarau.

Da farko motar sumul take tafiya. Wajen minti tara ta fara cijewa, ta tsaya kamar an riƙe ta, sannan ta yi tsalle ta bayyana a gaba. Auta ta nuna kusurwar sikirin, inda lambobi ke sauyawa.

"Ka gani? Ɗari bisa ɗari."

"Zafinsa fa?"

"Casa'in da bakwai. Duk tsufan ne. Tsoho in aka sa shi gudu ai dole ya yi zafi."

Ya ƙara karkata kai. Yana neman ƙara, gogayya ko kaɗawa, wani abin da zai kama. Babu komai. Fankar da ke kan furosesa tana juyawa, ana hango ta ta gilashin gefe, tana juyi a natse kamar mai fifita a inuwa. Sai a nan abin ya faɗo masa. Na'urar da zafinta ya kai haka ya kamata a ji ihunta daga baranda. Wannan fankar kuwa da kansa ya zaɓe ta shekara tara baya saboda ƙarfinta, kuma ya san muryarta, kamar injin niƙa take.

Ya tuna. Lokacin da Auta take can garin aiki, uwar takan kunna kwamfutar don su yi hira ta bidiyo, kullum tana mita wai fanka ta hana ta jin muryar 'yarta. Shi ma ƙarar ta daɗe tana ci masa rai. Wata rana da azahar ya buɗe bayan akwatin, ya yanke wayar fankar, ya liƙa mata razista da dalma, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai rage ƙarfin wuta. Ya sa masa baƙar roba, ya cusa shi bayan bod, aiki tsaf wanda ba mai gani. Fanka ta yi laƙwas. Hirar bidiyo ba ta wahalar da furosesa, don haka ba abin da ya biyo baya, shi kuma ya manta, yadda yake manta duk aikin da ba a dawo masa da shi ba.

Auta ta cire abin kunne ta miƙe. "Biyu da rabi, Baba. Mu tafi kafin mutumin ya zo."

Minti biyu kawai yake buƙata. Ya yi tunanin ya aike ta ta kawo masa ruwa, ya cire abin, ya ce ya ɗan taɓa wani waje. Ba za ta taɓa sani ba, kuma sunansa zai ƙara tashi a gida. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma ya dubi yadda take tsaye, jaka a kafaɗa, tana cizon leɓe. In kwamfutar ta warke ba ta san dalili ba, ranar Litinin da hoto ya ɗan cije za ta ce ciwon ne ya dawo, ta ƙi yarda da idonta.

"Kashe ta," ya ce. "Ɗauko sukundireba mai kan tauraro. Ba gefen gilashi ba, bayan za ki buɗe. Ke da kanki."

Ta yi kamar za ta yi musu, sai ta durƙusa. Ya ce ta bi wayar fanka da yatsa tun daga tushe. Ta bi ta har bayan bod, yatsanta ya tsaya a kan wani ɗan kumburi a cikin baƙar roba. Ta jawo shi fili.

"Mene ne wannan?"

"Aikin ubanki ne."

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Uwar ta iso bakin ƙofa da riga a hannu tun kafin ya gama.

"Ni cewa na yi ba na jin muryarta, Malam. Ban ce ka shaƙe baiwar Allah ba."

"Na ji."

"Shekara arba'in kana cewa masu kaya su ke lalata kayansu. Ashe laifi tudu ne."

"Na ce na ji. Gugarki za ta ƙone."

Auta ba ta yi dariya ba tukuna. Tana zaune a ƙasa tana juya ɗan kumburin. "Na lura ta yi shiru tun ranar da na dawo. Na ɗauka mai ka sa mata." Ta ɗago ta dube shi. "Wata biyar ina ganin ni ce ban iya ba."

"Kin iya. Lambobinki ba su yi ƙarya ba. Furosesa in zafi ya kai masa wuya, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kin gan shi yana haki kin ce tsufa ne. Ina za ki san an toshe masa hanci? Ba littafin da zai ce miki ki binciki ubanki."

A nan ne dariyar ta ƙwace mata, gajera, ta share ido da bayan hannu. Ya ɗauko ƙarfen narka dalma daga jakarsa, ya miƙa mata. Ita ta cire razistan, ta haɗa wayar, shi yana riƙe da bakunan wayar biyu. Da suka kunna, fankar ta tashi da ƙugi har labulen taga ya motsa. Uwar ta ce to, an dawo gidan jiya, ta koma baranda.

Rabin awa Auta ta yi tana tseren. Motar ba ta cije ko sau ɗaya ba. Zafi ya tsaya a saba'in da 'yan kai. Amma ɗayar lambar ba ta sauka sosai ba: a inda motoci suka yi yawa, furosesan yana kai casa'in bisa ɗari. Ta nuna masa, ya gyaɗa kai. Uku da minti ashirin wayarta ta yi ƙara. Sabon-Fitowa ne. Ta bar ta tana ruri.

"Baba, me zan ce masa?"

"Yau ba ni da bakin ba da shawara."

"Don Allah."

Ya mayar da tabarau. "To. Sabon ya fi wannan, ba musu. Kina ganin lambar, tsohon nan ba shi da sauran numfashi mai yawa. Wasannin baɗi ba zai ɗauke su ba, ko an sa masa fanka goma. In kika saya yau ba ki yi wauta ba. Amma wannan kin san shi ciki da bai, yanzu har abin da ke bayansa kin sani. Sabon kuwa ranar Litinin za ku fara gaisawa. Me kamfanin ya ce yana buƙata?"

Ta buɗe saƙonsu, ta bi jerin da yatsa. Furosesanta ya haura abin da suka nema, da kaɗan, amma ya haura. Ta sake kallon lambar zafi. Sannan ta kira.

"Kawu, ka sayar wa mutumin."

Muryarsa har uban na ji. "Tsohon nan ya hure miki kunne ko? Za ki dawo."

"Zan dawo, Kawu. Wataƙila ƙarshen shekara. Ka ajiye mini wanda ya fito da gaske."

Ranar Litinin Bari-Mu-Gani bai fita da wuri ba. Ya ce dutsen guga na buƙatar dubawa, ya zauna da shi a baranda daidai ƙofar Auta, wadda take a ɗan buɗe. Matarsa ta ce dutsen lafiyarsa ƙalau, ya ce ita ba ta da kunne. Daga inda yake yana hango rabin sikirin da bayan 'yarsa. Wasan da aka turo na wani matafiyi ne a cikin daji. Awa guda fanka na ƙugi, yatsu na taɓa maɓallai.

Sai matafiyin ya hau wata gada ta katako, hoton ya cije. Ya tsaya, ya yi tsalle, ya ci gaba. Kafaɗun Auta suka ɗaga. Hannunta ya bar maɓallai. Uban ya riƙe dutsen guga bai motsa ba.

Ta kalli kusurwar sikirin. Ta mayar da matafiyin baya, ta sake hawa gadar. A kan katako na tsakiya ya sake cijewa. Ta yi na uku, haka. Ta kai shi wata kasuwa a cikin wasan, inda mutane suka yi cincirindo, ta yi ta zagaye, sumul. Ta dawo gadar ta ɗayan ɓangaren, ya cije a wuri ɗaya. Ta jawo kibod kusa, ta rubuta wurin da yadda za a maimaita shi, ta haɗa da hoto, ta tura. Shi kuwa ya ɗaure dutsen guga ya tafi shago, inda mai firinta ke jiran sa da fushin kwana biyu.

Labarin razistan ya riga shi isa layin, don matarsa ta gaya wa matar Sabon-Fitowa. Sati guda ana tsokanar sa. Mai sayar da caja ya kawo masa fankar tebur ya ce a rufe mata baki. Bai ji haushi ba. Duk wanda ya tambaya yakan ba shi labarin daga farko, har da lambar zafin, ya ƙare da cewa na'ura in ta yi shiru inda ya kamata ta yi magana, nan ma a bincika.

Amsar kamfanin ta zo ranar Juma'a da safe. Auta ta kawo wayar shago da kanta, ta miƙa masa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Sun ce matsalar gadar gaskiya ce, daga wurinsu take. Cikin mutum shidan huɗu sun ci karo da ita, amma da aka tambaye su uku suka ce sun zaci kwamfutarsu ce, ita kaɗai ta rubuta. Suna so ta fara aiki farkon wata.

Ya miƙa mata wayar. "Daga gida za ki riƙa yi?"

"Daga gida."

"To ki gaya wa uwarki da kanki. Ƙugin nan yanzu kullum ne, daga safe zuwa yamma, kuma ni ba ruwana."